Daga Zango Zuwa Zango: Babur Mai Lantarki a Ma'aunin Tarihi

Wata Asabar cikin sanyin Disambar 2024 muka kama hanyar Zariya mu biyu a kan babur mai lantarki, za mu ɗaurin auren wani abokin aikinmu. Babur ɗin na ɗayanmu ne, wata uku ke nan da sayensa, kuma a cikin Kano bai taɓa ba shi kunya ba. Kullum zai taso daga Hotoro ya zo ofis a titin Zoo, ya zaga inda zai zaga, da dare ya jona shi a soket kamar waya. Wanda ya sayar masa ya rantse caji ɗaya yana kai kilomita 150. Mu da sana'armu rubuta manhaja ce, mun sha ganin an rubuta awa goma a kwalin kwamfuta amma batir ya mutu a awa huɗu, ya kamata a ce mun yi tantama. Ɗoki ne ya rufe mana ido.

Mun wuce Kura lafiya, mun wuce Ciromawa muna raha. Dab da Kwanar Ɗangora allon babur ya fara ƙifta jar wuta, gudu ya ragu, daga ƙarshe muka sauka muna turawa. Ga gidan mai a gabanmu, ga 'yan bumburutu da galan-galan a bakin titi, amma babu abin da za su iya yi mana. Ƙarar janaretan wani mai walda ce ta ja mu.

"Sannu da aiki, Baba. Don Allah wuta za a taimaka mana da ita."

Ya ɗaga baƙin gilashin da ke fuskarsa, ya dube mu, ya dubi babur. "Samari, mai ne ya ƙare?"

"Ba ya shan mai, Baba. Caji ake yi masa."

"To, Allah Ya kyauta. Ga soket can. Amma fa ku sani, shi wannan injin nawa gas yake sha."

Awa huɗu muka yi a kan bencinsa. Muka lallaɓa da gudun 40 muka shiga Zariya bayan la'asar, an daɗe da shafa fatiha. A zaman bencin nan ne muka fara tambayar da ta kai mu ga tonon tarihi: me ya sa abin hawan da ya fi kowane sauƙi a cikin gari ya zama kaya da zarar an fita daji? Amsar da muka samu ta girmi kakanninmu.

Yawancinmu muna ɗauka lantarki ne ƙanen fetur a harkar abin hawa. Gaskiyar magana tagwaye ne. A 1885 Gottlieb Daimler da Wilhelm Maybach suka ɗora ƙaramin injin mai a kan wani keken katako a Jamus, wanda ake lissafa shi a kakan babura. Shekara goma bayan haka, a 1895, wani Ba'amurke mai suna Ogden Bolton ya yi rajistar keke mai tafiya da batir. Mota ta farko da ta wuce gudun kilomita 100 a awa ɗaya mai lantarki ce, Camille Jenatzy ɗan ƙasar Beljiyam ya tuƙa ta a 1899. Zuwa 1900 kusan kashi ɗaya cikin uku na motocin Amurka da batir suke tafiya. Mutanen birni sun fi son su, don ba hayaƙi, ba ƙara, kuma ba sai an murɗa hannun ƙarfe a gaban mota kafin ta tashi ba.

Cikin shekara ashirin fetur ya cinye kasuwar. An tono rijiyar mai ta Spindletop a Texas a 1901, mai ya yi araha. Henry Ford ya fito da Model T a 1908, talaka ya iya sayen mota. A 1912 Cadillac ta sa makunnin lantarki, wahalar murɗa hannu ta ƙare. Sai dai akwai dalilin da ya fi waɗannan nauyi, kuma wata mace ce ta fara nuna shi. A watan Agustan 1888 Bertha Benz ta ɗauki motar mijinta da 'ya'yanta biyu, ta tafi daga Mannheim zuwa Pforzheim, tafiyar kilomita ɗari da 'yan kai. Da mai ya ƙare a garin Wiesloch, sai ta shiga kantin magani ta sayi wani ruwan cire dauɗar tufafi da ake samu daga ɗanyen mai, ta zuba, ta ci gaba. Fetur abu ne da ake zubawa a gwangwani, a ɗora a amalanke, a kai shi ƙauyen da babu ko falwaya ɗaya. Wuta kuwa sai inda waya ta kai, kuma har farkon shekarun 1930 gona ɗaya cikin goma ce kawai take da lantarki a Amurka. Mai motar batir ya zama ɗan birni dole, mai motar fetur kuwa duk inda hanya ta nufa nasa ne.

Tun daga nan babur mai lantarki ya koma abin da ake tunawa da shi ranar da mai ya yi wuya. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, da Jamusawa suka mamaye Beljiyam aka taƙaita fetur, wani kamfani a Brussels mai suna Socovel ya fara ƙera babura masu batirin darma a 1941. Suna tafiyar kusan kilomita 50 a caji ɗaya, a hankali, kuma sai sun kwana a jone. An sayar da 'yan ɗaruruwa. Yaƙi na ƙarewa mai ya dawo, mutane suka koma gidan jiya. Haka aka sake yi bayan tsadar mai ta 1973: aka ɗan yi ɗoki, farashi ya sauka, aka manta.

Namu tarihin da babur ya bi hanyar fetur tun daga farko. Iyayenmu sun ba mu labarin zamanin da keken Raleigh yake abin alfahari, sai Vespa ta zama ta malaman makaranta da akawuna, sai Honda da Suzuki da Yamaha. Kuɗin Udoji na 1974 zuwa 1975 sun sa ma'aikata da yawa sun hau babur a karon farko. A wancan lokacin abin hawan mai gida ne. Tsarin tsuke bakin aljihu na SAP da gwamnatin Babangida ta kawo a 1986 shi ya mai da shi sana'a: naira ta faɗi, mota ta gagari mutane, motocin haya suka yi ƙaranci, ma'aikaci ya fara ɗaukar fasinja bayan an tashi daga ofis. A Kano aka ce acaɓa, a Sakkwato da Jamhuriyar Nijar kabu-kabu, a kudu okada. Daga baya Jincheng na ƙasar Sin ya karya farashi, sai Boxer na kamfanin Bajaj daga Indiya ya zo ya zama jakin zamani, mai ɗaukar buhu biyu da mutum a kai.

Idan muka duba da kyau, abin da ya kai babur kowane lungu na ƙasar Hausa ya wuce ƙarfin injinsa. Yaron nan ne mai kwalabe a gindin bishiya, da bakaniken da ke kowace kasuwar ƙauye, wanda zai kwance kafireta ya hura ya mayar cikin minti goma, da mai shagon da ke sayar da fulogi da sarƙa da tiyub. Babu gwamnatin da ta tsara su. Buƙata ce ta haife su ɗaya bayan ɗaya, har ta kai mutum zai tashi daga Gumel zuwa Maigatari ko daga Illela zuwa Ƙonni bai taɓa tunanin inda zai sami mai ba. Ko da gwamnatin Kano ta hana acaɓa a Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa ayarin Sarki Ado Bayero, A Daidaita Sahu ne ya gaji titunan birni, amma babur bai bar ƙauye ba, bai kuma bar ƙofar gidajenmu ba.

Abin da ya girgiza wannan tsari ya zo ranar 29 ga Mayun 2023, da Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya ƙare. Litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000. Kamar mutanen Brussels a 1941, mu ma sai muka tuna da batir. Tambayar ita ce ko wannan karon ma ɗokin ɗan lokaci ne.

Akwai abu ɗaya da ya sauya da gaske. A 1991 kamfanin Sony ya fara sayar da batirin lithium, wanda binciken John Goodenough da Stanley Whittingham da Akira Yoshino ya haifar, har aka ba su kyautar Nobel a 2019. Shi ne a cikin wayar da kake karanta wannan rubutu da ita. Don a gane bambancin, mu yi lissafi da yunit, irin wanda muke saya a katin mita. Batirin darma da zai riƙe yunit uku ya fi kilo 80. Na lithium da zai riƙe haka kusan kilo 20 ne, mutum ɗaya zai ɗauke shi ya shiga da shi ɗaki. Yunit ukun nan kan kai babur kilomita 70 zuwa 80 a tafiyar cikin gari. Babur mai fetur zai sha kusan lita biyu a wannan nisa. A farashin ƙarshen 2024, wajen naira 2,000 ke nan, alhali cajin bai kai naira 800 ba ko a layin da ya fi tsadar wuta. Wanda ke da sola a gida kuwa rana ce take biya masa.

Ga kuma abubuwan da babu su sam: babu baƙin mai da za a juye, babu fulogi, babu kafireta, babu salansa, yawanci babu kuloci da giya. A cunkoson Ƙofar Nasarawa ko Kwanar Jaba, inda injin mai ke ta ƙone kuɗi yana tsaye, babur mai lantarki ba ya cin komai sai an murɗa. Ga ma'aikaci ko ɗalibi ko malamar asibiti da ta san tafiyarta ta yini ba ta wuce kilomita 30 ko 40 ba, kuma tana da inda za ta jona da dare, magana ta ƙare. Abokinmu shekara guda ke nan bai shiga layin gidan mai ba.

Amma ba a rasa ƙaya a hanyar. Kuɗin saye ya fi na Boxer, kuma kaso mai tsoka na kuɗin batir ne. Batirin lithium yana tsufa, zafi kuma yana gaggauta tsufansa, ga mu a ƙasar da watan Afrilu ke haura digiri 40. Batir maras kyau ko caja ta jabu na iya tayar da gobara a ɗakin da yara ke kwance. Bakaniken unguwa da ya ƙware a kan inji, idan ya buɗe ya ga allon lantarki sai ya mayar ya rufe. Akwai kuma wani abu da mu masu rubuta manhaja muka fi kowa gani: a cikin kowane batir akwai 'yar ƙaramar kwamfuta mai lura da zafi da caji, kuma wanda ya rubuta manhajarta shi ne mai iko da ita. Zai iya hana ta aiki da cajar wani kamfani. Idan bashi aka ɗauki babur ɗin ana biya kaɗan-kaɗan, kamfani na iya kashe shi daga ofis ranar da aka makara. Mai Boxer bai taɓa sanin irin wannan ba, shi kowane gidan mai nasa ne.

Ɗan haya kuma lissafinsa daban. Yana iya yin kilomita fiye da 100 a yini, kuma kowace awa da babur ya yi a jone, kuɗin cefane ne da balas ɗin mai babur suke tafiya. Maganin wannan shi ma tsohon abu ne. Daga 1910 zuwa 1924 kamfanin wutar garin Hartford a Amurka ya gudanar da wani tsari: ka sayi motar kaya ba batir, ka riƙa zuwa ana sauya maka wanda ya mutu da cikakke, ka biya gwargwadon tafiyarka. A zamaninmu kamfanin Better Place ya gwada haka da motoci a Isra'ila da Denmark, ya karye a 2013, don batirin mota ya yi nauyi kuma tashoshin sun ci kuɗi. A kan babur ne dabarar ta zauna. Gogoro ya fara a Taiwan a 2015, inda ake zare batir a saka wani cikin ƙasa da minti ɗaya. Ampersand ya kawo ta ga 'yan hayar Kigali, Spiro ya baza tashoshi a Kwatano da Lome, har gwamnatin Ruwanda ta daina yi wa sababbin baburan haya masu fetur rajista a Kigali daga Janairun 2025. Sai dai yawancin waɗannan a cikin birni suke, kuma batirin wannan kamfani ba ya shiga babur ɗin wancan. Mun taɓa ganin irin haka a zamanin da Nokia ke da caja mai siririn baki da mai kauri, Samsung da tasa, Motorola da tasa, kafin USB ta haɗa kan kowa.

Doguwar tafiya ita ce inda fetur yake da sauran ƙarfi, kuma dalilin ba na siyasa ba ne. Lita ɗaya ta fetur ba ta kai kilo ɗaya ba, amma tana ɗauke da kusan yunit tara. Ko da yake inji yana ɓarnatar da fiye da kashi uku cikin huɗu a zafi da hayaƙi, tankin da ya ci lita goma zai kai mutum kusan kilomita 400, a kuma cika shi cikin minti biyu. Sannan iska tana da nata haraji: idan ka ninka gudu, turjiyar iska ninki huɗu take yi. Shi ya sa batirin da ke yini a cikin gari ya mutu mana a rabin hanyar Zariya, mu biyu a kai muna gudun 80.

An yi manyan tafiye-tafiye don a nuna abin zai yiwu. A 2019 Ewan McGregor da Charley Boorman suka hau Harley-Davidson mai lantarki daga Ushuaia a ƙarshen kudancin Ajantina zuwa Los Angeles, kusan kilomita 21,000 cikin kwana ɗari. A 2024 babur ɗin kamfanin Roam na Kenya ya tashi daga Nairobi ya isa Stellenbosch a Afirka ta Kudu, kusan kilomita 6,000 cikin ƙasa da mako uku. Duka biyun sun isa. Amma na farkon sai da aka riga su gaba aka kafa wuraren caji a kan hanya, ga motocin rakiya, duk da haka sun sha ƙwanƙwasa ƙofofin mutane suna roƙon soket kamar yadda muka yi. Na biyun kuma motoci ne ke biye da shi ɗauke da farantan sola suna cika masa batir. Talakan da zai je Gusau gaisuwar mutuwa ba shi da motar rakiya.

A nan ne tarihin kakanninmu ya fi na Turawa yi mana bayani. Fataken da suke tashi daga Kano zuwa Gwanja sayen goro a ƙarni na 19 watanni suke yi a hanya, da jakuna da takarkarai da 'yan alaro. Jaki ba ya tafiyar wata guda a jere. Yana yin ta yini ɗaya, a sauke masa kaya, ya sha ruwa, ya ci ciyawa, ya kwana. Aikin madugu da jagaba shi ne sanin inda ruwa yake da inda za a yada zango lafiya, har kalmar zango ta zama ma'aunin nisa: a ce tsakanin gari kaza da gari kaza zango uku ne. Wasu zangunan suka zama kasuwanni, wasu suka zama unguwanni, ga su nan har yau a Kumasi da Ankara da Salaga ana jin Hausa a cikinsu. Jakin bai ƙara ƙarfi ba, zanguna ne suka yawaita har hanya ta buɗe. Babur mai lantarki jaki ne irin wannan: yana da iyakar tafiyarsa, yana buƙatar a san inda zai sha ruwa.

Wa zai gina masa zango? Da wuya mu jira wutar gwamnati. A watan Oktoban 2024 yawancin jihohin Arewa sun yi fiye da mako guda cikin duhu bayan lalacewar manyan layukan da ke kawo wuta. Amma mun taɓa warware irin wannan da kanmu. Da wayar salula ta zo a 2001 babu wutar da za ta riƙe ta, sai ga samari sun kafa rumfuna da ƙaramin janareta da jerin soket, suna rubuta lamba a jikin batir da wata a hannun mai shi. Yau da yawa daga cikin rumfunan sun koma sola. Batirin babur ya fi na waya girma sau ɗaruruwa, jarinsa ma haka, amma sana'ar iri ɗaya ce, kuma rana ba ta yi mana rowa. Abin da zai yanke hukunci shi ne ko za a bar mai rumfa a Kwanar Ɗangora ko Tashar Yari ya caja kowane irin batir, ko kuwa kowane kamfani zai kulle nasa da manhaja. Idan aka kulle, tashoshi za su tsaya inda kamfani ya ga riba, wato cikin manyan birane, mu maimaita abin da ya faru a Amurka shekara ɗari da suka wuce. Idan hukuma ta tilasta baki ɗaya da ma'auni ɗaya, kamar yadda Tarayyar Turai ta tilasta cajar USB-C ga wayoyi daga ƙarshen 2024, 'yan kasuwarmu za su yi sauran aikin, yadda suka yi da kwalaben fetur.

Don haka idan ɗan'uwa ya tambaye mu ko ya saya, mukan ce ya fara auna tafiyarsa ta mako guda, ya raba abin da mai shago ya faɗa gida biyu, ya tambayi kuɗin sabon batir da inda ake gyara kafin ya biya. Idan zirga-zirgarsa ta cikin gari ce kuma yana da wuta ko sola, ya saya, zai gode. Idan kuwa kowane mako yana hanyar Katsina ko Haɗeja, ya riƙe Boxer ɗinsa tukuna.

Ranar nan da za mu bar wurin mai walda, mun miƙa masa kuɗi, ya zare kuɗin gas ɗinsa kawai ya mayar mana da sauran. Ya zagaya babur ɗin, ya ɗan taɓa wayar caja, ya tambaye mu ko irinsa suna da yawa a Kano. Muka ce suna ƙaruwa. Ya yi shiru, ya dubi rufin rumfarsa, sannan ya ce, "To samari, nawa ake sayar da farantin solar nan yanzu?"